Shin da gaske motocin farko duk baƙaƙe ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina koyon fentin mota ne. Na sha jin ana cewa motocin farko duk baƙaƙe ne, wai Henry Ford ya ce mai saye ya zaɓi launin da ransa ke so, muddin dai baƙi ne. Wai kuma dalilinsa shi ne baƙin fenti ya fi saurin bushewa. To ni a wurin aikinmu ban taɓa ganin baƙi ya riga wani launi bushewa ba. Ina gaskiyar maganar take?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya yi wa sana'a albarka. Idonka bai yi maka ƙarya ba. Garin launi ba shi ke sa fenti ya bushe ba. Ruwan da aka dama garin da shi, shi ne ke bushewa da wuri ko ya ja lokaci. Hasali ma, a fenti irin na da, wanda ake damawa da mai, baƙin da ake samu daga hayaƙi yana cikin launukan da suka fi daɗewa kafin su kama jiki. Maganar Ford kuwa tasa ce, tana cikin littafin tarihin rayuwarsa mai suna My Life and Work da ya fito a 1922. Sai dai baƙin nan ba da shi aka buɗe tarihin mota ba. A tsakiya ya shigo, ya yi kamar shekara 11 zuwa 12 yana cin kasuwarsa, sannan aka ture shi. Abin da ya kawo shi kuwa shi ne ya kore shi, wato tsawon kwanakin da mota za ta yi a jibge tana jiran fenti ya bushe.

Lokacin da Karl Benz ya yi rajistar motarsa mai ƙafa uku a Jamus a 1886, babu wata sana'a da ake ce wa fentin mota. Masu ƙera keken doki ne suka gaji aikin, da kayan aikinsu da launukansu da al'adarsu duka. Attajirin da ke son Rolls-Royce a Ingila, inji da shasi kawai kamfanin zai sayar masa. Sai ya kai wa masu yin bodi irin su Barker ko Hooper, waɗanda tun kakanni suke yi wa sarakuna keken doki, ya zaɓi kujeru, ya zaɓi launi. Kore mai duhu, ruwan hanta, shuɗi, ja, ruwan ɗorawa, ga siraran layuka da ake ja da hannu a gefen ƙofa da jikin ƙafafu. Akwai wani koren da har yau ake kiransa da sunan Brewster, wani kamfanin keken doki na New York. Shahararriyar Rolls-Royce ɗin nan Silver Ghost ta 1907 da fentin garin alminiyam aka shafe ta, aka yi wa fitilunta ruwan azurfa. A fagen tsere ma, tun gasar kofin Gordon Bennett da aka yi daga 1900 zuwa 1905, kowace ƙasa da launinta: Faransa shuɗi, Jamus fari, Beljiyam ruwan ɗorawa, Birtaniya kore.

Abin da ya ƙara rikita mutane shi ne hotuna. Duk abin da muke gani na wancan zamani baƙi da fari ne, kuma fim ɗin da ake ɗaukar hoto da shi a lokacin ba ya ganin ja sosai. Jar mota sai ta fito baƙa wuluk. Shuɗi mai duhu da kore mai duhu kuwa ba a magana.

Ita kanta Model T ɗin Ford da ake kafa hujja da ita, da ta fito a watan Oktoban 1908 babu baƙa a cikinta. Mai kujera biyar ja ce, ƙarama mai kujera biyu ruwan toka, wasu kuma kore. Daga nan kamfanin ya koma kore mai duhu, sannan shuɗi mai duhu ƙwarai, har wajen 1913. Ford ya ce a 1909 ya faɗi waccan magana, amma sai wajen 1914 motocinsa suka koma baƙaƙe gaba ɗaya, suka zauna a haka har 1925. Ka ga akwai shekara biyar tsakanin magana da aiki. Abin da ya faru a cikin shekarun nan shi ne amsar tambayarka.

Sai ka san yadda ake fentin keken doki kafin ka gane irin ƙangin da masu ƙera mota suka shiga. Bodin katako ne, ko kuma ƙarfe da aka lulluɓa a kan ƙashin katako. Da farko a shafa masa farar dalma da aka dama da man linsid, wani mai da ake tatsa daga irin tsiron da Turawa ke saƙa da zarensa. A bari ya bushe. Sai a bi shi da wani fenti mai kauri mai cike ramuka, shafi bayan shafi, kowanne da kwanansa na jira. Shi ne kakan filar da kuke sa wa mota yau. In ya taurare, a zo da wani dutse mara nauyi da ake samu wurin aman wuta, a riƙa gogawa da ruwa har sai tafin hannu ya bi bai ji tudu ko kwari ba. Bayan nan launi, shi ma ba shafi ɗaya ba. Bayan launi sai banish, ruwan ƙyallin nan da ake dafawa da mai da ƙaron kofal, wanda ake kawowa daga Zanzibar da Kongo, da wani irinsa daga New Zealand. A shafa, a jira, a goge da garin dutse da tsumma, a sake shafawa. Motar manya tana iya cin shafi 20 ko fiye.

Shafin ƙarshe shi ne na gwanaye, domin ba a goge shi. Yadda buroshi ya bar shi haka mai mota zai karɓa. Ana yin sa a ɗakin da aka toshe duk wata kafa, an yayyafa wa daɓe ruwa don kada ƙura ta tashi, an ɗumama ɗakin daidai. Mai fenti ya cika buroshi mai laushin gashi da banish, ya malala shi a jikin ƙofa da sauri, ya bi ya daidaita kafin ya fara danƙo, ya tsince ɗan gashin da ya maƙale da tsinke, sannan ya fita a hankali ya ja ƙofa. In ƙuda ya faɗa, ko wani ya banko ƙofa iska ta shigo da ƙura, aikin ya koma baya. Kai da ka san abin da hazon hunturu ke yi wa ɗanyen fenti cikin minti kaɗan, ka auna fentin da zai kwana ɗanye.

Me ya sa yake daɗewa haka? Domin fentin mai ba bushewa yake irin ta wanki a igiya ba. Man yana shan iskar oksijin ne a hankali, ƙwayoyinsa suna sarƙewa da juna har su zama fata. Wannan ba a yi masa gaggawa. In ka labta shi da kauri don ka rage yawan shafi, sama ta yi fata, ciki yana nan ɗanye, sai ya tattare ya yi yamutse. Shi ya sa mota ɗaya take cin mako uku, huɗu, mai tsada ma ta haura wata. Abin takaicin kuma, bayan duk wahalar nan, ƙyallin ba ya ƙarko. Rana ta dusar da shi, laka ta bar masa tabo, warin fitsarin dawaki a barga ma yana cin sa. Shekara ɗaya ko biyu sai ya fara tsattsagewa, a sake kai wa mai fenti.

Ga mai yin mota 10 a wata, wannan ba komai ba ne. Ford kuwa ba lissafinsa ke nan ba. A 1910 ya tashi daga ƙaramar masana'antarsa ta titin Piquette a Detroit ya koma babba ta Highland Park. A 1913 aka fara layin harhaɗa mota mai tafiya, inda aiki ke zuwa ya sami ma'aikaci a tsaye. Harhaɗa shasi da yake cin sa'a 12 da rabi ya dawo minti 93. To yi lissafi da kanka, a matsayin misali kawai. Masana'anta tana fitar da mota 1,000 a rana, fenti yana cin kwana 21. Ke nan kullum akwai bodi 21,000 a jere suna shanya, kowanne yana son rufi, da ɗumi, da wurin da ƙura ba ta shiga. Kuɗi ne aka binne ba sa motsi. A 1923 Ford ya ƙera kimanin mota miliyan 2 a shekara ɗaya. Ina za a sami rumfar da za ta ɗauki shanyarsu?

A nan wani tsohon fenti ya yi rana, wanda ake kira baƙin Japan. Ba Ford ya ƙirƙiro shi ba, an daɗe ana yi wa kayan ƙarfe shi. Ka ma taɓa shi da hannunka in ka taɓa tsohon keken ɗinki na Singer, baƙin nan mai zanen ruwan zinari da ake gada daga kaka zuwa jika bai ɓare ba. Ana haɗa shi ne da wata irin kwalta mai tauri, musamman wadda ake kira gilsonait da ake haƙowa a jihar Utah, da man linsid, da abin sirka shi. Shi ba a jiran iska ta busar da shi. Gasa shi ake yi a tanderu, a zafin da ya kai wajen digiri 200 a ma'aunin Salshiyas. Zafin yana yin aikin makonni cikin sa'a ɗaya ko makamancin haka, fentin ya fito da tauri da santsi da ƙyalli, ba a bukatar banish a kansa.

Kuma ba ya bukatar gwanin buroshi. Madigadi da bonet da sauran ƙananan ƙarafa, ratayo su ake yi a ƙugiya, a tsoma su cikin kwatarnin fenti kamar yadda marini ke tsoma zane a rijiyar baba, a ɗago su, su tsane, su wuce cikin tanderu. Shafi biyu: na farko mai kama ƙarfe, na biyu mai ƙyalli. Shi ke nan.

Yanzu duba inda baƙin ya fito. Kwaltar da ke ba fentin ƙarfinsa ita kanta baƙa ce. Duk garin launin da ka zuba mata, sai ta haɗiye shi. Iyakar abin da za ka samu shi ne wani ja ko kore ko shuɗi mai duhun da sai an kai shi rana za a gane shi. Launuka masu haske na lokacin kuma ba sa jure wannan zafi, sai su ƙone ko su sauya. Saboda haka wanda ya ce baƙi ya fi saurin bushewa ya kama wutsiyar gaskiya ne ya saki kanta. Fentin da ake iya gasawa, mai arha, mai ƙarko, shi ne ya zo a baƙi.

Ba a nan kaɗai gizo ke saƙar ba, domin bodin Model T ba ya shiga wannan tanderun. Ƙashinsa katako ne, zafin digiri 200 zai lanƙwasa shi ko ya babbake shi. Katakon da Ford ke ci ba kaɗan ba ne, har dazuzzuka da injinan yanka katako ya mallaka a arewacin Michigan, kuma da ragowar guntayen aka fara yin gawayin Kingsford da Amurkawa ke gashin nama da shi har yau. To shi bodi wata dabara aka yi masa. Fenti yana saukowa daga tanki a sama ta cikin tiyo mai faffaɗan baki, ma'aikaci ya riƙe ya bi jikin bodin yana malala masa daga sama zuwa ƙasa, rarar ta gangara cikin kwalbati, a tace, a mayar da ita tanki. Wannan fentin iska ce ke busar da shi, da ɗan ɗumi kaɗan, kuma yana cin lokacinsa kamar kowane launi mai duhu. A nan baƙi bai fi kore sauri ba ko da minti ɗaya. Masu binciken da suka bi takardun injiniyoyin kamfanin sun tarar da cewa Model T ta ci baƙin fenti iri sama da 30 a tsawon rayuwarta, wani na gashi, wani na shanya, wani na katako, wani na wurin da ke ɗaukar zafi.

To me ya sa bodin ma ya koma baƙi? Garin baƙin hayaƙi yana cikin mafi arhar launuka, yana rufe jiki da shafi kaɗan, rana kuma ba ta kashe shi da wuri. Amma a ganina babban dalilin shi ne zama launi ɗaya. Tanki ɗaya, tiyo ɗaya, ba wanke kayan aiki don a sauya launi, rarar da ta zuba a kwalbati duk iri ɗaya ce. Madigadin da aka yi a Detroit zai dace da bodin da aka yi wa fenti a wata jiha, domin Ford yana da wuraren harhaɗawa a birane da dama, kuma a shekarun farko wasu kamfanoni ne ke yi masa bodi. Dila a ƙauye zai ajiye madigadi iri ɗaya, duk manomin da ya daki kututture ya zo ya saya ya ɗaura. Tunda madigadi da bonet ala tilas baƙaƙe ne, abin da ya fi sauƙi shi ne sauran jikin ya bi su. Da irin wannan tsumulmular a kowane lungu motar da aka fara sayarwa dala 850 ta sauko ƙasa da dala 300 a 1925.

In kana son shaida cewa lamarin na launi ɗaya ne, duba Turai. Ƙaramar Citroën 5CV da ta fito a Faransa a 1922 da ruwan ɗorawa aka fara sayar da ita, har aka yi mata laƙabi da ɗan lemon tsami. Opel a Jamus, da ya kafa nasa layin harhaɗawa a 1924, motarsa ta farko a kai koriya ce kaɗai, mutane suka sa mata suna kwaɗon bishiya. Su ma launi ɗaya suka tsaya a kai, sai dai ba baƙi ba.

Dalilin da ya sa maganar "duk baƙaƙe ne" ta zauna a zukatan mutane kuwa yawa ne. Model T sama da miliyan 15 aka yi, kuma mafi yawansu a shekarun baƙin aka yi su. Akwai lokacin da kusan rabin motocin da ke yawo a Amurka Model T ne. Sauran kamfanonin da ke yin mota mai arha su ma duhun suka bi. Dodge Brothers, da suka fara mota a 1914, sun sayi bodin ƙarfe zalla daga Edward Budd na Philadelphia, kuma ɗaya daga cikin ribar hakan ita ce bodin gaba ɗaya yana shiga tanderu. Mai kuɗi dai bai daina samun launinsa ba, yana biya, yana jira.

Wanda ya karya wannan ƙangi ba daga cikin masu fenti ya fito ba. Kamfanin DuPont ne, masu yin albarushi. A Yaƙin Duniya na Ɗaya sun yi arziki da naitiroselulos, wato audugar da aka jiƙa da asid ta zama makamashin harsashi. Yaƙi ya ƙare a 1918, ga masana'antu, ga masana kimiyya, babu mai sayen albarushi kamar da. Sun kuma zuba kuɗi a General Motors har suka mallaki kusan kashi 23 cikin 100, Pierre du Pont ma ya shugabanci kamfanin motar daga 1920 zuwa 1923. Su kuma General Motors, da Charles Kettering a kan sashen bincikensu, suna neman mafita ruwa a jallo, domin motocinsu masu launi ne, shanya tana cinye musu wuri da kuɗi.

An daɗe da sanin cewa in aka narkar da naitiroselulos a ruwan sirki irin tina, aka shafa, yana bushewa nan take. Shi ba ya jiran oksijin. Ruwan ne ke tashi ya bi iska, ya bar fata a baya. Matsalarsa kauri. Ɗan kaɗan ka narkar sai ya yi danƙo ya ƙi fesuwa. In kuma ka tsinka shi har ya fesu, abin da zai rage a jikin ƙarfe bai taka kara ya karya ba, ba zai riƙe garin launi ba. A farkon shekarun 1920, a masana'antar DuPont ta Parlin a New Jersey, aka gano yadda za a rage masa kaurin, ta yadda za a narkar da shi da yawa amma ya zauna tsararo. Daga nan aka sami fentin da suka sa wa suna Duco.

Shi wannan ba ya son buroshi ko kaɗan. Kafin ka dawo da hannu ya kama, kuma sabon shafi yana narkar da na ƙasansa. Sai feshi. Bindigar feshin da ke hannunka kuwa asalinta daga ɗakin likita ne. Dokta Allen DeVilbiss na Toledo a jihar Ohio ya ƙera ɗan abin fesa magani a hanci da maƙogwaro a 1888, ɗansa Thomas ya mayar da dabarar ta fesa fenti a 1907. Bindiga ta riga fentin zuwa da shekaru, da suka haɗu sai aiki ya sauya kama.

Motar farko da ta fito da Duco ita ce Oakland ta 1924, ɗaya daga cikin motocin General Motors, wadda aka nuna a ƙarshen 1923, shuɗiya, ana tallarta da sunan True Blue. Oakland ɗin nan ita ce daga baya ta haifi Pontiac. Aikin makonni ya koma na sa'o'i, bai cika kwana ɗaya ba. Ba a bukatar zafin da zai ƙona katako. Launi yana fitowa da haske, yana jure rana da ruwa da laka fiye da banish nesa ba kusa ba. Aibinsa shi ne yana fitowa a dushe, sai an goge an yi masa folish kafin ya yi ƙyalli, amma wannan aikin sa'o'i ne. Kafin 1925 ta ƙare, sauran sassan General Motors sun rungume shi, wasu kamfanoni ma suka bi.

Ya zo da nasa haɗarin. Ɗan'uwan albarushi ne, ga tururin tina ya cika ɗaki. A watan Afrilun 1927 wuta ta tashi a sashen feshi na masana'antar bodi ta Briggs a Detroit, ta kashe sama da mutum 20. Na kawo maka wannan ne don har yanzu ana fesa dangin wannan fenti a garejoji da yawa, wani da sigari a baki, wani janareta na aiki kusa da galan ɗin tina, hanci kuma a buɗe. Ka nemi takunkumi na gaske mai matatar tururi. Tsumma a hanci ƙura kawai yake tarewa.

Da launi ya daina cin lokaci, sai ya zama abin talla. Alfred Sloan, wanda ya karɓi shugabancin General Motors a 1923, ya fahimci cewa Ba'amurken da ya riga ya taɓa mallakar mota, in zai sayi ta biyu ba arha kaɗai yake dubawa ba. Yana son mai rufi, mai daɗin zama, wadda ba ta yi kama da ta maƙwabcinsa ba. DuPont ya buɗe ofishin ba kamfanonin mota shawara kan launi a 1925, ya ɗora H. Ledyard Towle a kai, mai zanen da a lokacin yaƙi aikinsa shi ne ɓad da kamar kayan soja da fenti. A 1927 General Motors ya kafa sashen zane da launi a ƙarƙashin Harley Earl, wanda ya zana musu motar LaSalle ta wannan shekarar. Zumuncin DuPont da General Motors kuwa sai da ya kai su gaban Kotun Ƙolin Amurka, wadda a 1957 ta yanke cewa hannun jarin ya saɓa wa dokar hana babakere, kuma cinikin fenti da yadin kujeru ne ginshiƙin shari'ar.

Ford ya yi kunnen ƙashi na ɗan lokaci. Ni dai ba na ganin wauta a zaɓinsa na 1914, domin a lokacin babu abin da ya fi shi dacewa da mota mai arha. Kuskurensa shi ne riƙe shi bayan dalilin ya gushe. Ciniki ya fara zamewa zuwa Chevrolet na General Motors, ɗansa Edsel da dilolinsa suna ta matsa masa. A motocin 1926 aka dawo da launi, masu rufi suka fito da kore mai duhu da ruwan hanta. A motocin 1927 aka ƙara wasu, kuma Ford ya koma fesa nasa fentin na naitiroselulos. Amma launi kaɗai ba zai ceci motar da aka zana tun 1908 ba. A watan Mayun 1927 aka dakatar da Model T, masana'antu suka yi watanni a rufe ana sauya injina, Chevrolet ya wuce Ford a cinikin wannan shekarar. Ranar 2 ga Disamban 1927 magajiyarta Model A ta fito da launuka huɗu na zaɓi.

Shi ma naitiroselulos bai daɗe shi kaɗai a fage ba. A shekarun 1930 fentin alkid ya shigo, wanda ake haɗa ƙaronsa a masana'anta, ana gasa shi a matsakaicin zafi, ya fito da ƙyallinsa ba sai an goge ba, kuma yana ɗaukar kowane launi. Ford ya rungume shi, har da man waken suya yake sa wa nasa. A lokacin bodi ya koma ƙarfe zalla, don haka mota gaba ɗaya tana shiga tanderu. Fentin akrilik ya biyo baya a shekarun 1950.

In ka sami hoton Model A mai launi, ka duba ƙasanta da kyau. Bodin zai iya zama shuɗi ko ruwan ƙasa ko ruwan toka, amma madigadinta baƙaƙe ne. Su ne ke shan tsakuwa da laka, kuma a wannan wurin fentin feshi na lokacin bai kai na gashi tauri ba, bai kuma kai shi arha ba. Saboda haka aka ci gaba da tsoma su ana gasawa a baƙi, ana ɗaura su a jikin mota kowane irin launi take da shi, har aka daina yin Model A.